Neman Sawun Kakana a Filayen Kuza na Bukuru

Tun ina yaro a Maraɗi nake jin kakana yana cewa "lokacin da muke Kuza", kamar sunan wani gari ne, kuma sai da na yi wayo na gane cewa filayen haƙar ma'adinai na Jos da Bukuru yake nufi, inda ya yi rani huɗu yana dakon ƙasa domin ya samo kuɗin bodo, wato haraji, da na aure. Akwai wuri a tsakiyar kansa da gashi bai sake fitowa ba, yakan ce tabon gammo ne. Bayan rasuwarsa, da aka gama aikin kaka, ni da kawuna muka ɗaura aniyar zuwa mu ga wurin da idonmu.

Mun fita ta Ɗan Isa da Jibiya, muka kwana Kano, washegari muka ratsa dajin Falgore zuwa Saminaka. A wannan hanya na yi kuskuren farko, domin ban ware yini guda ba don Ririwai, wadda take cikin duwatsun ƙasar Doguwa. Tun kafin zuwan Turawa mutanen Ririwai suke narka kuza, su zuba ta sirara kamar tsinke, fatake su kai ta kasuwanni, kuma sawun wannan haja ne ƴan kamfanin Ingila suka bi har suka hau tudun Jos a farkon ƙarni na 20. Mun wuce mararrabar da la'asar sakaliya, ba halin ratsewa, abin yana damuna har yau.

Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma sanyin da ya tarbe mu da asuba ya sa na fahimci dalilin da kakana yake yawan ambaton bargo idan yana ba da labari. A gidan tarihin garin, wanda Baturen Ingila mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, ya kafa a 1952, mun ga kawunan yumɓu na mutanen dā na yankin Nok, waɗanda masu haƙar kuza suka fara tonowa a 1928, mun kuma ga tsofaffin kawunan jirgin ƙasa na siririn layin da ya taso daga Zariya ya iso a 1914, aka rufe shi a 1957. Kayan sun burge ni, amma leburan da na zo nema ban same shi a can ba.

Sai a Bukuru na fara jin ƙanshinsa. Bayan gari akwai tafkuna masu koren ruwa, gefensu a tsaye kamar an yanka da wuƙa, ga tulin jar ƙasa kewaye da su; kowane ɗaya ramin haƙa ne da aka bari a buɗe ruwa ya cika shi. A bakin ɗaya daga ciki muka tarar da mata suna wankin ƙasa a kwano, suna juyawa a hankali har yashi ya tafi, baƙin garin kuza ya kwanta a ƙasan kwanon. Wata ta zuba mini kaɗan a tafin hannu. Bai kai cikin cokali biyu ba, amma nauyinsa ya ba ni mamaki, nan take na tuna da kan kakana.

Wani dattijo mai sayar da goro, wanda mahaifinsa ya yi aikin, shi ya zaunar da mu a kan benci ya warware mana abin da gine-gine ba su faɗa. Da Japan ta ƙwace Malaya, wadda take cikin ƙasar Malesiya ta yau, a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuzarta, sai ta juyo kan Arewa da aikin tilas, wanda mutane suke kira ɗiban gwamna, aka riƙa kwaso talakawa daga ƙauyuka har zuwa 1944, sanyi da ƙarancin abinci da cuta suka kashe da dama daga cikinsu. Daga baya kasuwar ta yi ta ja da baya, har farashin kuza ya faɗi warwas a duniya a 1985, aka bar mutanen ƙasar da ramuka a inda gonakinsu suke. A ganina wannan bashi ne da ba a biya ba.

Sannan ya dubi kawuna ya ce, "Malam, a wane bariki mahaifin naka ya zauna, kuma wane ne helumansu, shugaban leburorin?" Kawu ya sunkuyar da kai, ya ce, "Wallahi Baba, ba mu taɓa tambayarsa ba." Barikokin suna da yawa, daga Naraguta zuwa Bisichi har Barikin Ladi, kuma da mun zo da suna guda, da ya haɗa mu da zuriyar waɗanda suka zauna can. Shekara talatin ina zaune kusa da mai amsar, ban buɗe baki ba.

Da muka komo Maraɗi, ban kwana biyu ba na ɗauki littafi da alƙalami na tafi wurin aminin kakana, wanda shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka yi tafiyar tare. Na kwance masa ƙullin kuzar da na zo da shi, ya murza ta da yatsa ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce Barikin Ladi ne, ya fara lissafo mini sunayen abokan ɗakinsu.