Kiwon ƙuda da baƙin da ke cikin hanjinsa

Duk wanda na gaya wa cewa kiwon ƙudaje nake yi sai ya sake dubana. Ƙaramin nan nake nufi mai jajayen idanu da ke shawagi kan ruɓaɓɓun 'ya'yan itatuwa, wanda masana ke kira Drosophila melanogaster. Tun da Thomas Hunt Morgan ya ci karo da mai fararen idanu a Jami'ar Columbia a 1910, masu bincike ba su sake shi ba. A zafin digiri 25, kwana 10 ya ishe shi daga ƙwai zuwa babban ƙuda. Mu huɗu ne a kamfanin, kuma yawancin odar da muke samu daga ɗakunan gwaje-gwaje iri biyu ce: ƙudan da babu bakteriya ko ɗaya a hanjinsa, ko wanda muka zuba wa irin da aka zaɓa.

Na farkon aikin hannu ne da haƙuri. Cikin ƙwan a tsarkake yake, bakteriyar tana kan ɓawo, daga kashin iyaye take zuwa. Tsutsa na ƙyanƙyashewa sai ta ci ɓawon da abincin da ke kewaye, ta gaji na iyayenta. Don haka muke kwashe ƙwan da burushi mai laushi, mu tsoma a ruwan bilic na 'yan mintuna har ɓawon ya narke, mu ɗauraye da sifirit da dafaffen ruwa, mu zuba a kwalbar da aka dafa abincinta. Bakteriyar da ake kira Wolbachia ce kawai ke tsallake wannan wanka, don cikin ƙwan take zama, sai an haɗa ta da magani.

Na biyun ne ya taɓa kunyata ni. Wani mai bincike ya nemi ƙudaje masu ɗauke da bakteriyar Lactobacillus plantarum. Na shayar da su, na gwada, tana nan fal. Saboda son burge sabon kwastoma, sai na riƙa juye su a sabuwar kwalba kullum kafin ranar aikawa. Bayan mako ya kira ni rai a ɓace: ya niƙa ƙudajen ya shafa a faranti, kwana biyu babu abin kirki da ya tsiro. Ashe tsaftata ce ta wanke hanjin. Da na karanta da kyau da ban sha wannan kunyar ba, domin tun 2013 ɗakin binciken Jo Handelsman a Jami'ar Yale ya nuna haka: a ƙudan ɗakin gwaji, yawancin bakteriyar 'yan ci-rani ne. Ƙuda ya yi kashi a abinci, su hayayyafa a can, ya sake cinye su. Ka raba shi da tsohon abincin, ka datse hanyar.

To amma akwai masu kafa gida. A 2017 ayarin William Ludington a Jami'ar California da ke Berkeley ya nuna cewa L. plantarum da aka ciro daga ƙudan daji ta fi ta ƙudan ɗakin gwaji kama wuri nesa ba kusa ba, kuma kamawar tana da kamar caca: ƙudaje iri ɗaya, a ba su adadi ɗaya, wasu su kama wasu su zubar. Wadda ta riga shiga kuma tana rage wa na baya damar samun gurbi. A 2018 masu bincike a Fotugal suka samu Acetobacter thailandicus ita ma tana zama daram. Inda suke maƙalewa shi ne gaban hanji, wajen 'yar jakar da ƙuda ke tara abinci da bututunta, kafin a kai ga sashen tsakiya mai tsananin tsami da ke kashe da yawa. Sai dai wani aikin da aka buga a 2023 ya nuna cewa idan L. plantarum ta fara zama, tana share wa Acetobacter indonesiensis fage. Dama akwai ciniki tsakaninsu, ɗaya na fitar da tsamin da ɗayar ke ci.

Abin da ya sa nake son wannan ƙwaro ke nan, nau'o'in da ke hanjinsa 'yan kaɗan ne da za ka iya renon kowanne a faranti, na ɗan Adam kuwa ɗaruruwa ne.

Yanzu kafin in karɓi oda sai na tambayi asalin bakteriyar, wacce za a fara bayarwa, da irin abincin da za a ci gaba da shi, don ko maganin hana fumfuna da ake sa wa abincin yana canza wadda za ta rinjaya. Sannan abin da ya kunyata ni na mayar da shi gwaji: in juye ƙudajen kullum na kwana biyar, in niƙa su ɗaya-ɗaya, kowanne da farantinsa. Wanda ya tsiro bayan haka shi nake rubuta wa "ta kama" a jikin kwalba.