Tsayin zoben da ke riƙe madubin saiti a ƙaramar bindiga

Aikin da ya fi shigowa shagonmu a Sabon Garin Zariya shi ne ɗora madubin saiti a kan bindigar iska mai .177 ko .22 (kaurin harsashi ke nan a awon inci), sai jefi-jefi ƙaramar bindiga mai harsashin .22 LR. Masu kawowa galibi manoma ne daga wajajen Giwa da Soba da gafiya ta addabi rumbunansu, da masu harbin zabin daji da rani. Kafin mu taɓa alanki, wato ɗan lanƙwasasshen ƙarfen ɗaure sukurori, sai mun ga lasisi, domin a dokar bindigogi ta Najeriya har bindigar iska tana buƙatarsa.

Yawancin mutane kan zo da madubinsu, su ce, “Malam, a ba ni dogon zobe, ya fi kyau a ido.” Mu kuma abin da muke nema shi ne zobe mafi gajarta da zai bar kan madubin ya tsallake bututun bindiga ba tare da ya taɓa shi ba. Kwalin zobe yakan zo da rubutun gajere, matsakaici ko dogo, amma kada ka dogara da wannan. Matsakaicin wani kamfani dogon wani ne. Wasu suna auna tsayi daga ƙasan zoben zuwa tsakiyar ramin, wasu kuma zuwa inda cikin madubin ke kwanciya, kuma tsakanin awon biyu akwai fiye da milimita 12. Don haka awo ne ke raba gardama.

Jikin madubi kauri biyu ne aka fi samu: inci ɗaya, wato milimita 25.4, da milimita 30. Zoben wannan ba ya yi wa wancan. Lambar da ke jikin madubi, misali 3-9x40, tana nufin gilashin gaba milimita 40 ne, gilashin kaɗai. Ƙarfen da ya kewaye shi yakan kai 47 ko 48, kuma idan irin mai murɗawa a gaba ne don daidaita nisa, ya fi haka kumburi. To ka auna bakin daga waje. A ce ka samu 48, rabinsa 24. Rabin jikin inci ɗaya 12.7. Cire wannan daga wancan, saura 11.3. Ƙara milimita 3 na sarari, ka samu kusan 14. Wannan ne tazarar da ake so daga saman bututu zuwa ƙasan cikin madubin. Idan layin da zoben ke kamawa a saman bindiga ya ɗara bututun da milimita 5, zobe mai milimita 9 ko 10 daga ƙasansa zuwa makwancin madubi ya isa. Milimita 3 ɗin nan kada a yi masa rowa, don murfin gilashi ma yana cin wuri, ga ƙurar hunturu a Zariya ba ta barin mutum ya yi yawo da madubi a buɗe.

Wanda lissafi ke ba wahala, ya yanka kwali ƙanana ya jera su a wurare biyu a kan layin, ya ɗora madubin, ya riƙa ƙarawa har kan ya tashi daga bututu, sannan ya auna tulin da rula.

Bayan awo sai gwajin kunci, kuma a nan dogon zobe ke faɗuwa. Mai bindiga ya rufe ido, ya kafa gindinta a kafaɗa, ya kwantar da kuncinsa yadda ya saba, sannan ya buɗe ido. In ya ga da'irar madubin cike, zoben ya yi. In sai ya ɗaga kai har haɓarsa ce ke taɓa katakon, ya yi tsawo, kuma kowane harbi idonsa zai zauna a wuri dabam. Mutum zai yi ta zargin harsashi, alhali wuyansa ne ke lilo. Tsawon yana da wata illar: da zarar madubi ya yi nisa da bututu, harbin kusa, kamar mita 8 ko 10, yakan sauka ƙasa da inda aka saita, kuma ɗan karkata bindiga gefe yana jefa harsashi nesa da wurin.

Gajarta ma tana da iyaka. A .22 mai sakata, ka ɗaga hannun sakatar ka ja baya ka gani ko yana gogar gindin madubin. A bindigar iska mai karyewa, saitin ƙarfe na baya yana zaune daidai ƙarƙashin kan madubi, sai an cire shi ko a hau zoben da ya ɗan fi tsayi. Wasu masu gas kuma gidan harsashinsu yana leƙowa sama, dole a bar masa hanya.

Layin da zobe ke kamawa shi ma a duba. Bindigogin iska da na Turai galibi milimita 11 ne, ƙananan bindigogin Amurka kashi 3 cikin 8 na inci, layukan da ake kira Weaver da Picatinny kuma kusan milimita 21. Zoben da bai dace ba yakan kama a karkace. Ita bindigar iska mai sifirin tana dukan gaba da baya, tana tura zobe ya riƙa zamewa baya sannu a hankali, shi ya sa muke sa mata mariƙi guda mai ƙusar tsayarwa da ke shiga ramin da ke kan layin.

Wajen ɗaurewa, a bi sukurorin saman zobe a gicciye, kaɗan-kaɗan, har tsagar dama da ta hagu su zo daidai. Ƙarfin da ake so bai wuce kusan Nm 2 ba (ma'aunin ƙarfin murɗa sukuru), wato abin da yatsu biyu za su iya da gajeren ɓangaren alanki. Wanda ya kama dogon ɓangaren ya danna da tafin hannu zai lotsa jikin madubin, maɓallan saiti su daina amsawa. Daga nan sai a ja layi da fensir a jikin madubi dab da zobe, a yi harbi 20 a takarda a mita 25, a duba ko layin ya matsa.