Wasiƙa daga New York: gadar da aka yi wa lissafin ɓarawo

Assalamu alaikum 'yan'uwa da abokan arziki na gida,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata damina tana tafiya lafiya, gero ya yi kyau, ruwa kuma bai yi muku ɓarna ba. Mu nan sai godiya. Zafi ne dai ya matsa mana, irin mai naso, wanda mutum zai yi wanka ya fito yana neman wani wankan.

Makon jiya ƙanena ya turo mini bidiyo ta WhatsApp. Kwalbatin nan ne da ke hanyar garinmu, wanda aka buɗe da kiɗa da yankan ƙyalle damina biyu da suka wuce. Ruwa ya cinye gefensa, rodi ya fito fili kamar haƙarƙarin akuyar bazara, samari suna ɗaukar babura a kafaɗa suna hayewa da su ana biyan su. Ina kallon bidiyon ne a cikin tasi ɗina, cunkoso ya tsayar da ni cak a tsakiyar gadar Brooklyn, fasinja na barci a baya. Na ɗaga kai na dubi igiyoyin ƙarfen da ke riƙe da mu a sama da ruwa. An buɗe wannan gada ranar 24 ga Mayu, 1883, wato shekara ashirin kafin Turawa su shiga Kano, ga ta nan har gobe tana ɗaukar mu. Tun ranar abin yake cina, shi ya sa na ce bari in rubuto muku labarinta yadda na san shi.

A wancan zamani Brooklyn gari ne mai zaman kansa, Manhattan ma haka, sai a 1898 aka haɗe su. Tsakaninsu akwai ruwan da ake kira East River, wanda a gaskiya ba kogi ba ne, reshen teku ne mai gishiri da yake cika yana janyewa. Jiragen fito ne ke kai mutane da komowa, kamar yadda 'yan kwalekwale suke yi mana a bakin Kwara, in kuwa hunturu ya yi tsanani ruwan ya daskare, sai kowa ya zauna inda yake. Gada irin mai ƙafafu da yawa a cikin ruwa ba ta yiwuwa, don manyan jirage masu dogayen sanduna na wucewa ta wurin. Sai dai gadar rataye.

Yadda take aiki ba wuya gare shi ba. Ku ɗauki igiyar shanya: sanda biyu a tsaye, igiya ta bi ta kansu, an ɗaure bakinta biyu a turaku masu ƙarfi. Duk abin da aka rataya, nauyinsa na bin igiyar zuwa kan sandunan, sandunan su danna ƙasa, turakun su hana igiyar zamewa. A nan sandunan su ne hasumiyoyi biyu na dutse, kowace tsawonta ya kai mita 84 daga saman ruwa, tazarar da ke tsakaninsu kuma mita 486, babu ƙafa ko ɗaya a tsakani. Lokacin da aka buɗe ta babu gadar rataye mai wannan tazara a duniya.

Wanda ya zana ta wani Bajamushe ne, John Roebling, da ya yi ƙaura zuwa Amurka a 1831 ya kafa sana'ar murɗa igiyar waya. Kafin wannan ya riga ya yi gadar rataye a Niagara wadda jirgin ƙasa ke bi, a 1855. Allah bai nufe shi da ganin ko dutse ɗaya na gadar Brooklyn ba. A watan Yunin 1869 yana tsaye a bakin ruwa yana awo, jirgin fito ya matse masa ƙafa da katakon mashiga. Aka yanke 'yan yatsun, shi kuma da taurin kai ya ce da ruwa zai yi wa kansa magani. Tetanus, cutar nan mai sanƙarar da jiki, ta kama shi, ya mutu cikin watan Yuli. Ɗansa Washington, mai shekara 32, ya gaji aikin.

Abin da ya fi ɗaure mini kai a aikin nan shi ne wanda ido ba ya gani, wato tushen hasumiyoyin a ƙarƙashin ruwa. Ta yaya mutum zai yi haƙa a gindin teku a shekarar 1870? Kun san in aka kifa ƙwarya a kan ruwa aka danna, iska na maƙalewa a cikinta, ruwa ba ya cika ta. To ita suka yi, amma ƙwaryar katako mai tsawon mita 51 da faɗin mita 31, babu gindi, rufinta gumagumai ne a jere har kaurin ya fi mita huɗu. Suka ja ta zuwa wurin suka nutsar, injuna na tura iska ciki da ƙarfi don ta kore ruwa. Leburori su sauka ta wani ɗan ɗaki mai ƙofa biyu, su yi ta haƙar laka da duwatsu da shebur da diga a hasken fitilu, magina kuma a sama suna jera dutse a kan rufin. Ana haƙa, nauyi na ƙaruwa, akwatin na nitsewa kaɗan kaɗan. Galibin leburorin baƙi ne irinmu, daga Ailan da Jamus da Italiya, ana biyan su kusan dala biyu a yini. Idan na tuna wannan sai in ga ashe tun da can haka garin nan yake, baƙo ne ke shiga rami.

A ɓangaren Brooklyn sun sami ƙasa mai ƙarfi a zurfin mita 13 da rabi, ko da yake a watan Disamban 1870 wuta ta kama rufin katakon, sai da aka cika akwatin da ruwa kafin ta mutu. A ɓangaren Manhattan kuwa dutsen ya yi nisa. Ana ƙara zurfi ana ƙara matsin iska, sai wata cuta da ba a gane ta ba ta fara kama mutane. Lebura zai fito lafiya ƙalau, bai kai gida ba gaɓoɓinsa su ɗauki ciwo kamar ana soka masa allura, wani ya shanye, wani ya faɗi. Yanzu an san dalili: a ƙarƙashin matsi iska na narkewa cikin jini, in mutum ya fito da sauri sai ta yi kumfa a jijiyoyinsa, daidai da yadda kwalbar lemo take yi in an buɗe ta da gaggawa. Maganin shi ne a fito a hankali, amma su ba su san iya jinkirin da ake bukata ba. Sama da mutum ɗari suka kamu, uku suka mutu. Da aka kai zurfin mita 24, a 1872, Washington ya duba yashin da suka tarar, ya ga ya daɗe a danne bai motsa ba, ya ce a tsaya haka a cika akwatin da kankare. Har yau hasumiyar ɓangaren Manhattan a kan yashi take zaune. Nakan tuna da haka duk lokacin da na bi ta ƙarƙashin bakanta, in yi bisimilla.

Shi kansa Washington cutar ba ta bar shi ba, don ya fi yawancin leburorin daɗewa a ramin. Ta kwantar da shi, har aka gama gadar bai ƙara zuwa wurin aiki yadda ya saba ba. Daga tagar gidansa a Brooklyn Heights yake hangen aikin da madubin hangen nesa. Matarsa Emily ce ta zama ƙafarsa da bakinsa fiye da shekara goma. Ta koyi lissafin igiya da ƙarfin kayan gini, ita ke kai umarni wurin injiniyoyi, ita ke amsa tambayoyin 'yan kwangila, ita ta tsaya masa lokacin da 'yan siyasa suka so tsige shi. Da aka gama, ita aka fara tsallakawa da ita a keken doki, tana riƙe da zakara alamar nasara. Akwai allon tagulla da sunanta a jikin hasumiya. Na kai 'yata ta gani, da gangan, don tana cewa lissafi na maza ne.

Yanzu ga inda nake so ku saurara da kyau, don nan ne labarin ya yi kama da namu. Manyan igiyoyin guda huɗu ne, kowace kaurinta santimita 40, kuma ba a ƙera su a masana'anta aka kawo ba. A sararin sama aka saƙa su, waya ɗaya bayan ɗaya, wata ƙafa mai juyawa na jan ta daga wannan gaɓa zuwa waccan, har kowace igiya ta tara waya sama da dubu biyar. Kwangilar kawo wayar ta faɗa hannun wani ɗan kasuwa, J. Lloyd Haigh, duk da Washington bai yarda da shi ba. A 1878 asirinsa ya tonu. Masu duba kaya za su gwada waya a masana'antarsa su ce ta yi, a loda ta a amalanke, a hanya sai a sauke ta a ɗora wadda aka riga aka ƙi, a kai wurin gada. Mai kyan kuma a mayar da ita a sake nuna wa masu dubawa. Ku ce mini ba ku taɓa jin irin wannan ba a kan buhunan siminti ko taki!

Kafin a gane, muguwar wayar ta riga ta shige cikin igiyoyin, ba yadda za a zare ta. Har yanzu tana ciki, a kanta muke wucewa kullum. Abin da ya ceci gadar shi ne tun a kan takarda an yi igiyoyin da ƙarfin da ya ninka abin da ake bukata sau shida. Washington ya sake lissafi, ya ga ko da ha'incin akwai sauran rara mai yawa, ya sa aka ƙara waya 150 a kowace igiya, kuɗin daga aljihun ɗan kwangilar. Shi Haigh daga baya ya ƙare a gidan yari, a kan wata zambar daban.

Ba na cewa tsohon, John Roebling, ya san za a yi masa sata. Ya dai san waya na iya zuwa da aibi, iska na iya wuce yadda aka zata, masu zuwa bayansa na iya ɗora wa gadar abin da bai taɓa mafarki ba, kuma haka aka yi, don shi keken doki da jirgin ƙasa ya sani, bai san mota ba. Har ya ƙara wasu igiyoyi da ke saukowa a karkace daga kan hasumiyoyin, su ne suke sa gadar ta yi kama da saƙar gizo a hoto, aikinsu su hana ta rawa. Waɗanda suka raina wannan sun ga sakamako: gadar Tacoma da ke yammacin ƙasar nan, siririya mai kyan gani, an buɗe ta a Yulin 1940, iska ta murɗe ta ta faɗa ruwa a Nuwamban shekarar. A ganina matsalar kwalbatin garinmu ba satar ce kaɗai ba, don ga shi nan ma an yi. Mu tun a takarda ake yanka abu daidai wuya, sannan mai kwangila ya rage, mai sayo rodi ya rage, birkila ya ƙara yashi, ruwan Agusta ya zo ya tarar babu rarar komai.

Kada ku ɗauka mutanen nan sun yarda da gadar nan da nan. Kwana shida da buɗewa wata mata ta faɗi a matakala, wata ta ƙwala ihu, aka ce gada na rushewa, turmutsutsu ya kashe mutum 12. Sai a shekarar da ta biyo baya wani mai wasan dabbobi, P. T. Barnum, ya kora giwaye 21 da raƙuma 17 suka tsallaka a idon jama'a. Na yi dariya da na ji har da raƙuma. Na ce da Buzayen Agadas sun gani da sun tambayi nawa ne kuɗin fito.

Akwai kuma kula. Na shekara goma sha ɗaya ina bin gadar nan, da wuya in tuna lokacin da babu ma'aikata a wani sashe nata, ko masu fenti, ko masu gyaran dutse, ko masu leƙa ƙusoshi. An hana manyan motoci hawa, duk abin da ya wuce tan uku sai ya nemi wata hanya, kuma ba wanda zai miƙa wa ɗan sanda wani abu ya wuce da tirela. A 2021 ma sun ƙwace mana layi ɗaya suka ba masu kekuna. Mu direbobi mun yi ta gunaguni, ni ma na yi, cunkoson da na kalli bidiyon ƙanena a cikinsa ma ina ɗora musu laifinsa.

Na ce wa ƙanena in ruwa ya janye ya je da awo ya auna mini kaurin rodin da ya fito da tazarar da ke tsakaninsu, ya ɗauko hoto da kyau. Akwai wani ɗan Kumasi da muke sallar Juma'a tare a Bronx, injiniyan gine-gine ne, ya yi alkawarin zai duba ya faɗa mana abin da ya kamata a ce an sa, mu rubuta takarda da sunan ƙungiyar ci gaban gari kafin a sake ba da kwangilar. Wanda duk yake da hoton lokacin da ake zuba kankaren, don Allah ya ba shi.

A gaida iyaye da malamai. Masu hayewa da yara ta wurin nan kuma a yi haƙuri a jira ruwa ya sauka.

Naku,
ɗan'uwanku direban tasi a New York