Shekarar da kalma ɗaya ta ci mini

Jiya na miƙa makullin ɗakin karatun ɗaliban bincike ga magatakardan sashenmu na tarihin addinai, bayan na shafe shekara uku a Ingila a kan aikin da aka yanka wa shekara biyu. Waɗanda muka zauna da su a ɗakin nan sun san yadda shekara ta ukun ta samo asali, amma tun da sababbin ɗalibai suna ta tambayata, gara in rubuta shi sau ɗaya in huta.

Kundina ya shafi Yahudawan Sifaniya da aka yi wa baftisma tsakanin 1391, lokacin da tarzomar kai wa Yahudawa hari ta ɓarke a birnin Ishbiliya (Seville) ta bazu zuwa sauran garuruwa, da 1492, shekarar da Sarki Ferdinand da Sarauniya Isabella suka ba sauran Yahudawan zaɓi tsakanin shiga Kiristanci da barin ƙasar. Da Turanci na rubuta aikin, amma a cikin kaina kalmar da nake tunani da ita ita ce tuba, wadda a bakinmu take nufin barin kuskure a kama gaskiya, kuma ban lura ba cewa duk wanda ya kira mutum tubabbe ya riga ya yanke hukunci a kan addinin da mutumin ya bari. Da wannan ma'auni na auna kowa. Na tattara bayanan coci da na kotun binciken aƙida da aka kafa a 1478, na raba mutanen gida biyu, masu tuban gaskiya da masu tuban muzuru, ina jin na yi abin kirki.

Ranar kare kundi, mai jarrabawar da ta zo daga waje wata dattijuwa ce Bayahudiya, wadda kakanninta suka zauna a Salonika, birnin da ke ƙasar Girka a yau, bayan korar 1492. Ta bar ni na yi bayanina har na gama, sannan ta cire tabarau ta ɗora yatsa a kan jerin majiyoyina ta ce in nuna mata takarda ɗaya da Bayahude ya rubuta. Na ce, "Farfesa, bayanan kotun sun ƙunshi maganganun mutanen da bakinsu." Ta tambaye ni ko na san a wane hali ake ɗaukar waɗannan maganganu, da kuma wanda yake riƙe da alƙalami. Daga nan ta tambaye ni sunan da Yahudawa suke kiran mutanen, na kasa amsawa, alhali na taɓa ganin kalmar. Anusim suke ce musu, wato waɗanda aka tilasta, kuma suna bambanta su da meshumad, wanda ya fita don ganin damarsa, sunan da ya samo asali daga kalmar hallaka. Aka ba ni shekara guda in sake aikin daga tushe.

Abin da har yau yake ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda malamin da ke kula da aikina ya yi. A daftarina na farko na sa kalmar anusim a ƙasan shafi, shi ne ya ja mata jan layi ya rubuta cewa kalma ce ta ɓangare ɗaya, in tsaya a kan bayanan hukuma. Da sakamako ya fito, sai ya rubuta wa sashe cewa ya sha jan hankalin ɗalibin a kan faɗaɗa majiyoyi. Daftarin nan mai jan layi yana cikin akwatina har yanzu. Ban kai ƙara ba, domin tallafin karatuna yana buƙatar sa hannunsa, kuma kowa ya san wanda yake da wuƙa da nama a irin wannan wuri.

A shekarar da aka ƙara mini na koyi ɗan Ibrananci, na shiga fatawoyin malaman Yahudawa, sai na tarar tambayar da na gina kundina a kanta ba ita ce ta fi damunsu ba. Su a wajensu wanda Bayahudiya ta haifa Bayahude ne, ruwan baftisma ba ya wanke wannan. Akwai jimla a cikin Talmud, babban littafin shari'ar Yahudawa, da ke cewa Isra'ila ko ya yi zunubi Isra'ila ne, kuma Rashi, babban malamin Yahudawan Faransa da ya rasu a 1105, ya yi amfani da ita a kan waɗanda suka bar addinin. Saboda haka matar wanda ya koma Kirista tana nan a matsayin matar aure har sai ya ba ta takardar saki irin ta shari'arsu, ɗan da Bayahudiya ta haifa bayan ta shiga coci kuwa nasu ne. Wanda ya dawo daga baya, a nan ne suke maganar teshuba, wato komowa, kalmar da masana harshe suke dangantawa da taubar Larabci da muka aro. Ashe tuban da nake nema yana can ta ɗaya hannun.

Sai a lokacin na fahimci dalilin ɗacin da ke cikin rubuce-rubucensu game da masu fita da son ransu. Nicholas Donin, wanda ya kai ƙarar Talmud har aka ƙone shi a Paris a 1242, tsohon Bayahude ne, haka ma Pablo Christiani da ya yi muƙabala da malamin Yahudawa Nahmanides a Barcelona a 1263. Ɗan gida ne yake zama sandar dukan gida, don haka ba su ɗauki fitar a matsayin lamarin zuciyar mutum shi kaɗai ba. Shigowa kuwa ba sa neman kowa da ita: mai son shiga sai ya yi karatu, ya tsaya gaban alƙalai uku, a yi masa kaciya in namiji ne, ya nitse a ruwan tsarki, bayan an tuna masa irin wahalar da al'ummar take sha.

Babin da na fi alfahari da shi na rubuta shi ne a kan wani misali na zamani na wannan tambayar, Oswald Rufeisen, Bayahuden Poland da ya ceci 'yan'uwansa a garin Mir lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga baya ya zama limamin Katolika. Ya nemi zama ɗan ƙasar Isra'ila a ƙarƙashin Dokar Komowa ta 1950, wadda ta ba Bayahude damar komawa ƙasar ya zama ɗan ƙasa, amma a 1962 Kotun Ƙoli ta ƙi, ta ce a fahimtar talakan Bayahude wanda ya koma Kirista ya fita, ko da shari'ar addini tana ƙirga shi. A 1970 aka gyara dokar ta cire wanda yake bin wani addini. Dattijuwar nan ta rubuta a gefen babin cewa yanzu na fara jin maganar mutanen.

Shawarwarina ga sababbin ɗalibai gajeru ne. Ɗalibi ya adana kowane daftari da malami ya taɓa, ya riƙa aika saƙon imel bayan kowace ganawa yana maimaita abin da aka ce masa, kuma kada ya yarda a ce masa koyon harshen majiyoyi ɓata lokaci ne.

A shafin godiya na ba dattijuwar sakin layi guda. Malamina kuwa ya sami layi ɗaya, bayan sunan ma'aikatan ɗakin karatu, kuma da ya karanta ya aiko mini da saƙo yana cewa ya ji daɗin yadda shawarwarinsa suka yi amfani.