Wata shida ina feɗe kan ƙuda a Legas

Kawuna yana sayar da ayaba a kasuwar Mile 12, kuma ranar da na gaya masa cewa ƙananan ƙudajen da ke rufe ruɓaɓɓiyar ayabarsa su ne abin bincikena na digiri na biyu, sai ya yi dariya ya ce, "Ɗana, ai da ka faɗa tun farko da na cika maka buhu kyauta." Tayin bai karɓu ba, domin namu ƙudajen, nau'in Drosophila melanogaster, an sauya musu ƙwayoyin gado ta yadda makarɓan dopamin ɗinsu, wato wuraren da wannan sinadari mai kai saƙo tsakanin jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke sauka, za su riƙa ba da koren haske a ƙarƙashin madubin bincike.

Makarɓan nan huɗu ne: Dop1R1, Dop1R2, Dop2R da DopEcR. Aikina shi ne in gano inda Dop1R1 da Dop2R suka fi taruwa a sashen ƙwaƙwalwa mai siffar laimar kwaɗi, inda ƙuda ke haɗa ƙanshi da abin da ya biyo bayansa, daɗi ko wuya. A kowane gefe akwai ƙwayoyin jijiya kusan 2,000 da ake kira ƙwayoyin Kenyon, kuma zarurukansu sun ratsa ɗakuna 15, kowanne da nasa jijiyoyin da ke zuba masa dopamin. A cikin waɗannan jijiyoyi, rukunin da ake kira PAM galibi albishir yake kawowa, kamar na sukari, rukunin PPL1 kuwa galibi labarin horo ne. Dop1R1 yana ƙara sinadarin cAMP mai isar da saƙo a cikin ƙwaya, Dop2R yana rage shi, tamkar totur da birki a mota guda.

Watan farko ɓarna kawai na yi. Ƙwaƙwalwar ba ta kai ƙwayar gero ba, kuma ana ciro ta ne da hantsaki biyu a cikin ɗigon ruwan gishiri, sannan a tsince fararen zarurukan numfashi da suka manne mata ɗaya bayan ɗaya. Hannu ya ɗan karkarwa, shi ke nan, ta yage.

Da hannuna ya zauna, sai na sami abin da na ɗauka nasara ce, wato rukuni na biyu na ƙudajena ya fi na farko haske ƙwarai. Na kai wa malamata hotunan ina ɗoki, ita kuwa ko murmushi ba ta yi ba, sai ta tambaye ni a wane zafi aka rene su, kuma yaushe rabonsu da abinci. Na ce, "Malama, bari in duba littafi." A nan na tuna cewa wuta ta ɗauke a ƙarshen makon, ba a tayar da janareta ba, akwatin renon ya wuce digiri 25 da muke ajiye shi, abincin kwalaben kuma ya bushe. Tsarin GAL4 da UAS, wanda masana Brand da Perrimon suka fito da shi a 1993, wanda kuma da shi muke kunna alamar hasken, ƙarfinsa yana ƙaruwa da zafi. Yunwa ma ba ƙaramin abu ba ce a nan, domin ƙuda mai yunwa ne ke bin ƙanshin da aka haɗa masa da sukari, ƙosasshe kuwa ba ya kula shi, kuma jijiyoyin dopamin ne ke riƙe da wannan ƙofa. Dalilai biyu sun cakuɗe, babu yadda zan raba su, dole na zubar da aikin mako uku.

Tun daga lokacin nake feɗe ƙudaje masu kwanaki iri ɗaya da ƙyanƙyasa, a lokaci iri ɗaya na yini, in ɗauki hotonsu da saiti ɗaya, waɗanda zan bari da yunwa kuma in sa musu jiƙaƙƙiyar takarda don kada ƙishirwa ta shigo lissafi. Sabon zubi yana cin kwana 10 daga ƙwai zuwa ƙuda, shi ya sa yanzu ko ranar Lahadi nakan shigo mota daga Agege don kawai in leƙa ma'aunin zafin akwatin.