Lambun yara a tsakar gidanmu na Maraɗi

Daga Katsina zuwa Maraɗi ba tafiya ce mai nisa ba, domin da zarar an wuce Jibiya aka isa Ɗan Isa an shiga Nijar, kuma Hausar da aka baro ita ake tararwa. Duk da haka, da kasuwancin maigidana ya dawo da mu nan, na ga lallai wata ƙasa ce daban, inda ake lissafin kuɗin sefa da dala (sefa biyar) da jika (sefa dubu), takardun hukuma kuma suke cikin Faransanci. 'Ya'yana biyu, mai shekara 3 da mai shekara 5, ba su isa shiga firamare ba kuma ba su san kowa ba, saboda haka na keɓe musu gefen katanga muka fara lambu.

Ƙasar unguwarmu rairayi ce da ba ta riƙe ruwa, ba kamar fadamar Gulbin Maraɗi ba, don haka sai da muka cakuɗa ta da kashin awakin maƙwabciyarmu, wata dattijuwa. Ita ce ta hana ni fara wa yaran da tumatir. Ta ce, "'Yata, ƙaramin yaro ba ya jiran abin da zai daɗe, ki ba su wake." Gaskiyarta kuwa, domin ƙwayar wake tana da girman da ƙananan yatsu za su iya riƙewa, kuma kafin mako ya zagayo ta tsiro. Daga baya muka ƙara yakuwa da kuɓewa, da zogalen da aka samo mana irinsa daga Jiratawa, inda ake nomansa sosai da ban ruwa.

Ruwa shi ne babbar matsala, musamman a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40. Kowane yaro yana da gwangwaninsa da aka huda gindinsa, ana cika masa safe da yamma da ruwan da aka wanke shinkafa ko ganye, kuma ban yarda a ƙara ba, domin idan aka bar su za su mayar da wurin kududdufi. Ƙaramin yakan tono iri ya duba ko ya tsiro, ni kuwa ba na tsawata masa, sai dai in shuka da yawa.

Yanzu yaran unguwa suna shigowa da nasu gwangwanayen bayan la'asar, kuma ta dalilinsu ne na san iyayensu mata, har suka sa ni cikin adashinsu.