Ɗan Masani tsakanin Majalisar Ɗinkin Duniya da tarihin Kano

Ni dai duk sanda ake maganar jakadun Nijeriya Marigayi Alhaji Yusuf Maitama Sule ne ke fara faɗo min a rai, Allah ya jiƙansa. Bayan Shagari ya hau mulki, a 1981 ya tura shi Amurka wakilin Nijeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya, har ya shugabanci kwamitin yaƙi da wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu, kun ga kuwa ba ƙaramin aiki ba ne a lokacin da Mandela ke kurkuku.

Amma abin da ya fi burge ni, mutumin da ya zauna da manyan duniya a Niyok, in ya dawo gida aka sa masa makirfo a gaba sai ya ɗauko maka Kano tun daga Bagauda, ya gangaro kan Muhammadu Rumfa da kasuwar Kurmi da yadda sarautun fada suke, ba takarda a hannu, ga murya ga Hausa kamar ana zuba zuma, har bayan idonsa ya tafi bai fasa ba wallahi. Sarautar Ɗan Masanin Kano ta dace da shi sosai.

Ya rasu a Alkahira a Yulin 2017. Abin da ke damuna yanzu hirarrakinsa na rediyo da talabijin, suna nan warwatse a kaset da wayoyin mutane, ya kamata jami'ar da aka sa wa sunansa a Kano ta tattara su wuri guda ta rubuce su don ɗalibai.